Shekarar Da Muka Shuka Irin Mama Duka

Ban tabbata ko ni ne ya kamata in ba da labarin nan ba, domin rabin laifin nawa ne, wataƙila ma fiye da rabi. Amma Baba ba zai taɓa ba da shi ba, Mama kuwa ta riga mu gidan gaskiya, saboda haka ni na rage.

Baba tsohon soja ne. A barikin Shadawanka aka haife ni, a can na girma, har ya yi ritaya yana saje, ya gina ɗaki uku a Miri, gefen Bauchi, ya sayi 'yar gona a bayan gari. Noma kuwa a hannun Mama ya koya. Lokacin da aka kawo ta Bauchi daga ƙauyenmu na can kudu cikin duwatsu, ta taho da dawa ƙulle a bakin zane, wata ja mai gajeren kara, wadda tuwonta ke da ɗan zaƙi kuma yakan kwana bai saki ba. Duk shekarun bariki tana shuka ta a wani ɗan lungu bayan kicin, kunya uku ko huɗu, don kawai kada irin ya mutu. Da aka samu gona sai dawar ta samu wurin miƙe ƙafa.

Mama tana da doka ɗaya a kan iri. Kowace kaka takan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta sussuke su da hannu, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta raba cikin tulu biyu ta liƙe bakinsu da laka. Tulu na farko na shukar fari ne. Na biyu ba a taɓa shi sai shuka ta kai gwiwa, in ta kai sai a fasa a yi kunu da shi. In aka tambaye ta dalili takan ce sama ba ta rantse wa kowa ba. Ita ce ta fi kowa zuwa sujada a gidanmu, ta yi shekaru tana jagorancin waƙa a zumuntar mata, kuma ban taɓa jin ta ga wani saɓani tsakanin addu'arta da tulunta na biyu ba. Bayan rasuwarta Baba ya ci gaba da yin yadda take yi har damina biyu. A ta uku ne abin ya faru.

A lokacin na gama jami'a da bautar ƙasa, na karanta labarin ƙasa, ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi kusa da kasuwar Wunti. Kullum da safe in hau babur daga Miri, in dawo da yamma. A coci kuma ni ne ke jan addu'ar matasa. Ina jin sun zaɓe ni ne don ba na fashi kuma ba na musu.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Kwanon rufi yakan ɗau zafi tun hantsi, har ka ji yana ƙara shi kaɗai. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, masu kurar ruwa suka yi wuyar gani. A aji yara kan kwantar da kai a kan tebur, ni ma ba ni da ƙarfin tsawata musu. Afrilu ya wuce, Mayu ya yi nisa, hadari yakan haɗu a gabas da la'asar ya yi baƙi har mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Musulmin gari suka fita roƙon ruwa. Mu ma fastonmu ya sa azumin kwana uku, daga safe zuwa ƙarfe shida, kowace yamma a taru a coci.

Ya kamata in yi wa faston adalci. Matashi ne, bai fi ni da shekaru da yawa ba, ɗan birni, bai taɓa riƙe fartanya don ci ba. Mutum ne mai kirki. Shi ya zauna da mu a asibiti ranar da Mama ta cika. Ba na jin ya taɓa nufin kowa da sharri, kuma har yau ban daina ganin girmansa ba, ko da yake na daina wasu abubuwan.

A rana ta uku, muna tsakiyar addu'ar rufewa, ruwa ya sauko. Ƙararsa a kan kwanon coci ta danne lasifika. Mata suka ɓarke da guɗa, wasu suka fita waje suna rawa a cikinsa da ɗankwalinsu a hannu. Baba, wanda ban ga hawayensa ba ko a bakin kabarin Mama, ya durƙusa tsakanin benci yana kuka. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. A wannan sa'ar ban yi shakkar komai ba. Ban san rabon da in ji sauƙin zuciya irin wannan ba, kuma ban sake ji ba tun daga nan.

Da ruwan ya tsagaita, kamar bayan rabin awa, fasto ya hau bagade jiƙe da gumi ya ce Ubangiji ya amsa, saura mu. Ya ce wanda ya roƙa aka ba shi sannan ya tsaya yana leƙen sama, ya raina Mai bayarwa. Ya ce manoman cikinmu su fita gobe su shuka, kada kowa ya ɓoye wani abu a ɗaki don tsoron ko Allah zai fasa, domin abin da ka ɓoye shi ne ma'aunin rashin bangaskiyarka. Aka ce amin da ƙarfi. Na ga Baba ya gyaɗa kai a hankali, na kuwa san abin da yake tunani.

Da muka isa gida na duba hasashen yanayi a waya. Ya nuna rana tsantsa har iyakar kwanakin da yake iya nunawa. Na duba wani wurin, shi ma haka. Abin da aka koya mana a jami'a ma ke nan, cewa a ƙasarmu ruwan farko sau da yawa yakan zo shi kaɗai, damina ba ta zauna ba tukuna. Amma an kuma koya mana cewa hasashe hasashe ne. Na sha ganin waya ta ce rana a yi ruwa. Na kwana ina juya abin, ban kai ga matsaya ba.

Washegari Asabar ce. Da sassafe na tarar Baba ya fito da tulunan duka biyu ya ajiye a tsakar gida. Ya fasa lakar na farko, ya fasa ta na biyu, ya juye su a buhu ɗaya. Dawar ci ta riga ta ƙare a gidan, wannan kaɗai ta rage. Na ɗauke shi a babur, shi da buhun da sungumi, muka tafi gona.

Maƙwabcin gonarmu wani dattijon Bafulatani ne da ya daɗe da zama a Miri, yana da 'yan shanu da garke a gefen rafi. Baba yakan kira shi Arɗo, ko da yake ba sarauta gare shi ba, shi kuma ya kira Baba Saje. Shekaru suna tsokanar juna a kan iyakar gona. Muka same shi tsaye da sanda a kafaɗa yana kallonmu.

"Saje, ina za ka da buhu? Mu muka roƙi ruwan nan ranar Alhamis, ku kuka zo kuka tare a hanya."

Baba ya yi dariya ya ce ai su sun roƙa an ce su jira, da muka roƙa ne aka buɗe. Arɗo ya ce to ko wa aka buɗe wa, ba a buɗe da yawa ba. Ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu, yadda manoma ke yi, ya nuna mana. Danshin bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba, ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa ce fara. Kowa a Miri ya san ruwan shuka sai danshi ya kai wuyan hannu. Ya ce shanunsa ma ba su yarda da ruwan ba, ko ɗaga kai ba su yi ba. Ya ce wa Baba in dai ya matsu, ya zuba rabi ya ajiye rabi kamar yadda marigayiya take yi. Baba ya ce masa Bafulatani da ke bin saniya ba shi zai koya wa soja shuka ba. Suka yi dariya, Arɗo ya kaɗa shanunsa ya wuce, amma na ga ya waiwayo sau biyu.

Nan ne ya kamata in yi magana, kuma na yi, sai dai yadda na yi ta ne ke damuna har yau. Na ce wa Baba na duba waya, kamar dai akwai alamar ruwa zai ɗan ɗauke, wataƙila mako biyu, ko da yake ba a cika dogara da waɗannan abubuwan ba, amma ko za mu ɗan rage wani abu, in bai ga laifi ba. Ya jingina da sungumi ya dube ni.

"Malam, ka tabbata?"

Malam yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi wasa rabi alfahari. Na ce a'a, ba wanda zai iya tabbatarwa.

"To, kai da ka yi karatun ba ka tabbata ba. Fasto ya tabbata. Ni kuma jiya na gani da idona. Ɗauki ƙwarya."

Na ɗauka. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Da hannuna na zuba shi, rami bayan rami, har rana ta take. Wajen ƙarshen gona, da saura kamar cikin tafi biyu a ƙwarya, na yi tunanin in zuba a aljihun wando. Baba ya ba ni baya, ba zai gani ba. Na tsaya da irin a hannu. Sai na ji kamar sata zan yi, ba daga Baba kaɗai ba, daga Allah. Na tuna ni ne zan tsaya gobe in ja addu'ar godiya a gaban matasa, da wane baki, da shakka a aljihuna? Na zuba shi a rami na taka. Da na yi rashin bangaskiya na minti ɗaya, da yau dawar Mama tana nan. Na rasa yadda zan ajiye wannan tunanin a wuri ɗaya da abin da aka koya mini tun ina makarantar Lahadi.

A kwana na biyar shuka ta fito. Layi-layi, kore shar, gwanin sha'awa. Baba ya kai ni na gani, yana murmushi, ni kuwa na ji kunya da daɗi a haɗe. Na ce a raina wataƙila ni ne ban gane ba, wataƙila haka bangaskiya take aiki. Na daina duba waya na kwana biyu.

Ruwa bai dawo ba. Kowace la'asar ina fitowa daga makaranta, kafin in tayar da babur, sai in ɗaga kai in dubi gabas ta saman rumfunan teloli na Wunti. Wani lokaci hadari ya haɗu har masu keke napep su fara sauke labule, in yi ta gudu zuwa Miri ina addu'a a kan babur, kafin in isa ya baje. Zafin ya dawo fiye da na da, don yanzu da ɗan gumi a cikinsa. A mako na biyu ganyen ya fara naɗewa da rana, ya warware da safe. Daga baya ya daina warwarewa.

Baba ya fara ɗiban ruwa. Akwai wata rijiya a gangaren rafi da ba ta ƙafe ba, inda Arɗo ke shayar da shanu. Ga Baba, dattijo mai shekara kusan saba'in, da jarka biyu, yana hawa yana sauka. Ya zaɓi kunya shida na kusa da rafi ya ce ko waɗannan ne a tsirar. Ina dawowa daga aiki in karɓe shi, in ɗaura jarkoki a babur. Arɗo ya rage wa shanunsa sha don mu samu, bai kuma taɓa cewa ai na faɗa muku ba, tsokanar ma ya daina gaba ɗaya, wannan ya fi yi mini ciwo. Ƙasa takan shanye ruwan kafin ka miƙe tsaye. Rijiyar ta koma laka a mako na uku. In ban manta ba kwana ashirin da uku aka yi ba ɗigo. Ranar da na je na ga kunya shidan sun zama kamar tsinken tsintsiya, na murza ɗaya a yatsa ya zama gari. Baba yana zaune a kan jarka, ya ce mu tafi gida, rana ta yi.

A coci ba wanda ya ta da maganar. Ba mu kaɗai muka shuka ba, amma sauran masara ce da dawar kasuwa, asara ce da ake iya mayarwa. Aka ci gaba da waƙoƙin godiya. Na yi ta jira wani daga cikin dattawa ya ce wani abu, ko da a taron bayan sujada ne, ba wanda ya ce. Da na kasa haƙuri na je na samu fasto a ofishinsa. Na yi ta kewaye-kewaye kamar yadda na saba, har dai na faɗa masa abin da ya faru da irin Mama. Ya saurara da kyau, fuskarsa ta nuna ya ji zafi. Ya ce bai san da tulu biyu ba. Sannan ya ce amma ɗan'uwa, ruwa ya sauka a ranar da muka roƙa, kai ma kana wurin, kada abin da ya biyo baya ya sa ka manta da wannan. Ya ce Allah yakan gwada nasa, kuma abin da aka bayar cikin bangaskiya ba ya ɓata, ko ba mu ga amfaninsa a nan ba. Na tambaye shi, a hankali, ko zai iya faɗa wa jama'a cewa a shekara mai zuwa su tona ƙasa kafin su shuka. Ya ce yana tsoron kada ya raunana masu ƙaramar bangaskiya. Ya kama hannuna ya yi mini addu'a. Na ce amin, don ban san yadda ake ƙin cewa ba.

Ina hanyar gida na gane abin da ke damuna. Da na ga mugunta a wurinsa da abin ya zo mini da sauƙi. Abin da na gani shi ne, a gidan da na girma a cikinsa babu wurin zama ga mutumin da bai tabbata ba. In ruwa ya zo, amsa ce. In ya ɗauke, gwaji ne. Babu abin da zai faru a sama ko a ƙasa da zai sa wani ya tsaya a bagade ya ce mun yi kuskure. Ban ce babu Allah ba, ban isa in ce haka ba, kuma ba na jin na yarda da haka. Amma na kasa sanin ko muryar da na yi shekaru ina bi tasa ce, ko ta mutane ce masu tsoron cewa ba su sani ba. Mama ta iya riƙe biyun tare. Ni ban gaji wannan ba, kuma ban tambaye ta yadda take yi ba tun tana da rai.

Damina ta zauna sosai a tsakiyar Yuni. Baba ya sa na sayo masa irin dawa a kasuwa, fara, irin wadda kowa ke shukawa, muka sake shuka. Da aka yi hutun makaranta na shiga mota na tafi ƙauyenmu neman jar dawar, ban gaya masa ba. Na zaga gidajen dangin Mama ɗaya bayan ɗaya. Duk sun koma masara da sabon iri mai saurin nuna. Yayar Mama, wadda idonta ya fara dushewa, ta ce ta tuna da ita, uwarsu ce ke shuka ta a gindin dutse, amma rabonta da ganin ta tun kafin a haife ni. Ta ce ai ta ɗauka tana wurinmu a Bauchi, har tana shirin aiko a ɗebo mata. Na ce mata to, za a duba. Ban iya faɗa mata ba.

Farar dawar ta yi kyau, abin haushi. A ranar godiyar kaka Baba ya ɗauki dami guda a kai ya shiga layi da sauran manoma har gaban bagade, ana kiɗa ana rawa. Aka ba shi lasifika ya yi shaida, ya ce Ubangiji ya ɗauke da hannun hagu ya mayar da na dama. Aka tafa. A gida kuwa yakan ci loma uku ko huɗu na tuwon ya ture kwanon, ya ce ba ya jin yunwa. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ko ni, ko fasto, ko kansa. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

A ranar godiyar ce aka kira ni in rufe da addu'a. Na tsaya a gaba, na rufe ido, na buɗe baki, sai na ji kowace kalma da na saba faɗa tana neman in tabbatar da wani abu da ban tabbata ba. Na yi shiru har mutane suka fara gyaran murya. Wani dattijo ya karɓa ya ƙarasa. Aka ɗauka kukan Mama ne ya kama ni, mata suka yi ta ba ni haƙuri a bakin ƙofa, na bar su a haka. Bayan mako biyu na ce a nemi wani ya riƙe addu'ar matasa, aiki ya yi mini yawa. Wannan ma ba gaskiya ba ce cikakkiya.

Yanzu kowace Lahadi nakan goga wa Baba rigarsa, in ɗauke shi a babur in kai shi ƙofar coci. Yakan sauka ya shiga. Ni kuma in tura babur ƙarƙashin wata dalbejiya a tsallaken titi, inda 'yan acaɓa ke jiran a tashi, in zauna. Ina jin waƙoƙin daga nan, na san kowace, wani lokaci sai in tarar leɓena yana bi. Sau da yawa nakan ce mako mai zuwa zan shiga, ko a bencin baya ne. Ban sani ba ko zan shiga ɗin. Ina tsoron in shiga in yi ƙarya, ina kuma tsoron in daina zuwa ko bakin titin.

Baba bai taɓa tambayata dalili ba. Lahadin da ta wuce ya fito a hankali, yana dafa bango saboda gwiwarsa, ya tsallako ya tsaya kusa da babur yana gyara hula.

"Fasto ya tambaye ka."

Na ce me ya ce masa.

"Na ce kana waje."

Ya dafa kafaɗata ya hau, muka kama hanyar Miri.